Kafin Ka Ɗora Wa Motar Haɗi Inji: Wane Ajin Tsere Ne Zai Karɓe Ta?

Motar haɗa-da-kanka, wato wadda kamfani ke aiko maka sassanta a akwatuna ka ɗaure ta a garejin gidanka, tana da wata matsala da masu sayar da ita ba su cika faɗa ba. Ranar da ka gama ɗaurinta ka nufi filin tsere, ba kai za ka zaɓi abokan karawarka ba. Injin da ka ɗora mata shi zai zaɓa maka, kuma sau da yawa mugun zaɓi yake yi. Mutum zai kwashe shekara biyu yana walda da ɗaurin noti, ya zuba kuɗi a injin da ya fi burge shi, ran nan masu duba mota su buɗe kundin dokoki su ce masa ajinsa shi ne na waɗanda suka zo da tirela da bakanike biyu. Shi ya sa a wurina tsarin da ya dace shi ne a fara zaɓen aji, sannan inji, sannan a nemi motar da za ta ɗauki injin. Yawancin mutane daga ƙarshe suke farowa.

Wannan harka gidanta Ingila ne, sai kuma Amurka. Tushenta wata 'yar ƙaramar mota ce da Colin Chapman ya fitar a 1957, Lotus Seven: firam na bututun ƙarfe, fatar alminiyom, kujera biyu, inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, ba rufi ba ƙofa. A 1973 Lotus ta sayar wa Caterham haƙƙin ƙera ta, kuma har yau Caterham na yin ta. Daga baya masu kwaikwayo suka yi yawa: Westfield a farkon shekarun 1980, Birkin a Afirka ta Kudu, sannan Tiger da MK da GBS da sauransu. A 1996 Ron Champion ya fitar da littafin da ya yi da'awar mutum zai iya ƙera irinta da fam 250 daga gawar Ford Escort, aka raɗa wa waɗannan suna Locost. Yawancin dangin nan nauyinsu tsakanin kilo 450 ne da 650, wato bai kai rabin nauyin motar gida ta yau ba.

Rashin nauyin nan shi ne daɗinta, shi ne kuma abin da ya hana ta samun wurin zama. A shekarun 1970 hukumar tseren motoci ta Birtaniya ta hana Seven shiga gasar motocin kamfani saboda ta fi ƙarfin sauran, har Caterham ta mai da korar abin talla. Tun daga nan masu shirya gasa suke neman inda za su ajiye ta, kuma hanya uku suka samu. Ko dai a ware mata gasarta ita kaɗai da inji iri ɗaya, ko a raba aji da girman inji, ko a raba da lissafin ƙarfi a kan nauyi. Kowace hanya tana son injinta daban, kuma injin da ya zama sarki a ɗaya yakan zama abin tausayi a ɗayar.

Mu fara da gasar inji iri ɗaya, don a nan ne zaɓi ya fi sauƙi: babu zaɓi. Kulob ɗin 750 Motor Club, wanda aka kafa a 1939 kuma a cikinsa Chapman ya fara ƙere-ƙerensa, yana da gasar Locost. Doka ta ce injin Ford Crossflow mai cc 1300 za a sa, da kafireta, kuma gyaran da aka yarda a yi masa taƙaitacce ne. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. A takarda abin dariya ne. A fili kuwa motoci ne a cunkushe suna shiga kwana ƙugu da ƙugu, kowa na laɓewa a bayan na gabansa don ya tsere wa iska, a miƙe kuma ya fito ya wuce. Wanda ya ci a nan tuƙinsa ne ya ci. Matsalar ita ce shekaru. Escort ɗin da ake ciro injin da aksul ɗin baya daga jikinta an daina ƙera ta tun 1980, yau ta zama motar masu tara kayan tarihi, kuma lafiyayyen bulok na 1300 sai an tona. Saboda haka kulob ɗin ya buɗe wata gasar mai suna Ma7da: firam iri ɗaya da na Locost, amma da injin Mazda MX-5 mai lita 1.8. Injekta ne ba kafireta ba, ƙarfinsa ya haura doki 130, kuma MX-5 mota ce da aka ƙera sama da miliyan ɗaya, don haka in inji ya mutu ranar Lahadi, kafin ƙarshen mako an samo wani a wurin masu yanka motoci.

Tsakanin biyun, in ana maganar wanda zai fara yau daga sifili, Ma7da nake gani. Crossflow inji ne da ke son hannu: a saita bawul, a daidaita kafireta, a sake masa gini lokaci-lokaci wurin wanda ya san sirrinsa, kuma a ajin da kowa ke da ƙarfi kusan ɗaya, doki uku da gwanin mai gini ya tatso maka su ne bambancin layin gaba da tsakiya. Kuɗin da ka ɗauka ka tsira da shi a sayen mota, can yake tafiya. Na Mazda kuwa ka zuba masa bakin mai ka kyale shi. Sai dai in ka samu tsohuwar Locost da ta riga ta yi gasa, da takardunta da tarihin injinta, da wuya ka sami hanya mafi araha ta shiga tseren gaske a Ingila.

Caterham Academy wata duniya ce. Tun 1995 ake yin ta, kuma sharaɗinta shi ne ba ka taɓa riƙe lasisin tsere ba. Kana biyan kuɗi dunƙule: mota, jarrabawar lasisi, da kakar gasa guda. Shekaru da yawa injinta Ford Sigma ne mai lita 1.6 da doki 125, an buga masa hatimi don kada kowa ya buɗe shi. Sama da mutum 1,000 sun zama direbobin tsere ta wannan ƙofa. Abin da ya fi jan hankali shi ne matakalar da ke gaba: motar da ka fara da ita ana ƙara mata kaya ta hau gasar Roadsport, daga nan 270R, daga nan 310R, ba sai ka sayi wata ba. Kuɗinta ya ninka na Locost nesa ba kusa ba, amma tana riƙe daraja in an tashi sayarwa, abin da motar da ka walda da hannunka ba ta yi. Illarta ɗaya: sai Caterham. In Westfield ko MK ce a garejinka, wannan ƙofar a rufe take.

Hanya ta biyu, rabon aji da girman inji, ita ce ta mamaye tseren agogo: gudun mota ɗaya-ɗaya a fili kamar Curborough, da hawan tudu a wurare irin su Prescott, Harewood da Shelsley Walsh, wanda ake hawa tun 1905 kuma tsawonsa mita 914 ne kacal. Ba a goga kafaɗa da kowa, ba a bukatar jarrabawar tuƙi kafin a sami lasisi, kuma akwai ajin motocin da ke da rajistar hawa titi, inda kake iya tuƙo motarka ka zo, ka yi gudunka, ka tuƙa ta ka koma gida. Ga wanda yake tsoron a murƙushe masa aikin shekara biyu a kwanar farko, nan ne mafari. Sai dai ka sani, in aka tara duk gudun da za ka yi a yini guda, 'yan mintoci ne.

A nan lamba ɗaya ce ke mulki: 1700. Gasanni da yawa suna raba motocin haɗi gida biyu, masu cc 1700 zuwa ƙasa da waɗanda suka haura. Ƙasa da layin akwai Sigma 1.6, Rover K 1.6, Toyota 4A-GE, Mazda 1.6, da tsohon Crossflow 1600 da ake faɗaɗa wa silinda har ya tsaya daf da iyaka. Sama da layin kuwa babu rufi. Ka ga tarkon: injin Mazda 1.8, wanda na gama yabo yanzun nan, cc 1,839 ne. Ya haura layin da ɗan kaɗan, sai ya faɗa aji ɗaya da injin Ford Duratec 2.0 da aka yi wa aiki har ya wuce doki 250. Mai doki 140 a cikin waɗannan ya zo kallo ne. Haka Ford Zetec 1.8 da Rover K 1.8. A wannan tsari injin 1.8 shi ne mafi munin zaɓi, ya yi wa ƙaramin aji girma, ya yi wa babba ƙanƙanta.

Turbo ma tarko ne. A tseren agogo na Birtaniya ana ninka girman injin da ke da turbo ko makamancinsa da 1.4. Injin lita 1.0 ya zama 1400, yana nan a ƙaramin aji. Na 1.3 ya zama sama da 1800, ya ƙetare. Wanda ya ɗaura wa Mazda 1.6 turbo don ya huce haushi, a lissafinsu inji mai cc 2,200 da ɗoriya yake ja.

A Amurka labarin ya fi tsanani. Kulob ɗin SCCA, wanda ke nan tun 1944, yana shirya tseren agogo a manyan filayen ajiye motoci da na jiragen sama, inda ake jera robobi masu tsini a zana hanya, kuma gasar ƙasa a Lincoln ta jihar Nebraska ake yin ta. Ajujuwan da aka tanada wa motocin titi na motocin kamfani ne, don haka motar haɗi yawanci can ake jefa ta cikin D Modified ko E Modified, iyakar tsakaninsu lita 2.0. Miata 1.8 (sunan MX-5 ke nan a can), Duratec mai cc 1,999 da injin Honda S2000 na farko mai cc 1,997 duk suna shiga D. Amma S2000 ɗin da aka sayar a Amurka daga 2004 injinta ya koma lita 2.2, shi da Honda K24 sai E, wurin masu V8. Kuma a duka biyun abokan karawarka motoci ne da aka gina don wannan aji kawai, da tayoyi marasa zane masu faɗin gaske, ba fitila ba gilashi. A gasar unguwa za ka ji daɗinka, wataƙila ma ka fi kowa sauri a ranar. A matakin ƙasa, motar da ke da lambar titi ba ta da abin cewa.

Hanya ta uku ita ce ta fi kama da adalci, ita ce kuma ta fi yaudarar masu motar haɗi, don haka bari in daɗe a kanta. Ana ɗora mota a na'urar auna ƙarfi, a ɗora ta a sikeli, a raba. A Ingila doki nawa a kowane tan ake cewa. A Amurka ƙungiyar NASA ta masu tseren mota (ba ta sararin samaniya ba) tana lissafa laba nawa kowane doki ke ja, da direba a ciki. Ɗauki mota mai kilo 520, direba da kwalkwalinsa kilo 80, jimla 600. Da doki 125 tana da kusan 208 a tan. Da doki 180 tana da 300 cif. Motar gida mai kilo 1,200 sai ta nemo doki 360 kafin ta kai nan. To a takarda an daidaita: mai 180 da mai 360 aji ɗaya.

A fili ba haka abin yake ba. Nauyi yana da ta cewa a tashi, a birki, da cikin kwana. Amma da gudu ya yi nisa, abokin gabar mota ya daina zama nauyinta, ya koma iska, kuma ita iska ba ta tambayar kilo nawa kake, ƙarfi kawai take ji. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana hawa ne sau takwas in gudu ya ninka biyu. Ita kuma Seven, da tayoyinta a waje, fitilu a tsaye, gaba a buɗe, tana daga cikin motocin da suka fi kowa rashin iya keta iska: ma'aunin jan iskarta wajen 0.7 ne, na motar gida ta zamani wajen 0.3. Ƙanƙantar jikinta tana rage asarar, ba ta goge ta ba. Sakamakon shi ne a fili mai kwanoni da yawa kamar Cadwell Park za ka wahalar da manyan motoci, a fili mai dogayen miƙe kamar Snetterton ko Silverstone su wuce ka kamar kana tsaye. Mafi ciwo, in babbar mota ta wuce ka a miƙe, sai ta toshe maka kwanar da a nan ne kake da riba. A tseren agogo wannan ba matsala ba ce, don hanya taka ce kai kaɗai. A tseren gamayya ita ce matsalar. Ƙari a kan haka, NASA tana yanke wa motar da ba ta kamfani ba wani kaso a lissafi, ta tura ta sama.

Akwai wani abu kuma da ba a son faɗa: jikin direba. Bambancin kilo 30 tsakanin direbobi biyu kashi 5 ne cikin 100 na mota mai kilo 600. Inda doka ta sa mafi ƙarancin nauyi tare da direba, siririn sai ya ɗaura dalma, kuma ya ci riba don shi ke zaɓen inda zai ɗaura ta, ƙasa-ƙasa a gefen fasinja. Inda ba a haɗa da direba, mai jiki ya fara tsere da bashi. Ka duba wannan layin a kundin dokoki kafin komai.

Maganin wannan matsala shi ne ka nemi gasar da ake lissafin ƙarfi amma tsakanin motoci masu siffa ɗaya. Magnificent Sevens ta Classic Sports Car Club haka take: dangin Seven zalla, kowane kamfani, an raba su da ƙarfin inji, an daɗe ana yin ta a tsere na minti 40 da tsayawar dole a tsakiya, kuma mutum biyu na iya raba mota su raba kuɗi. Sport Specials ta 750 Motor Club ma gidan motocin haɗi ce. A irin waɗannan kowa iska ɗaya ke dukansa, kuma injin 1.8 da ya zama maraya a hawan tudu yana samun 'yan'uwa. Dabarar a nan ita ce ka zaɓi injin da zai zauna a saman ajinsa ba tare da an matsa masa ba, maimakon wanda ya leƙa ajin gaba da doki biyar.

Sai babbar gardamar da ba ta ƙarewa a wannan harka: injin babur ko injin mota.

Hujjar masu injin babur mai ƙarfi ce. Suzuki Hayabusa ta 1999 tana da cc 1,299 da doki kusan 175, wadda ta biyo ta a 2008 cc 1,340 da kusan 197. Yamaha R1 ta 1998 tana ba da 150 daga cc 998. Injin da giyabos ɗinsa a haɗe suke, nauyinsu wajen rabin na injin mota da giyarsa, don haka motar kan sauko ƙasa da kilo 500, wasu har kusa da 450. Giya shida ce ta turawa gaba da baya, canji cikin ƙiftawar ido, inji na juyi sama da 10,000 a minti. Westfield ta sayar da irin wannan da sunan Megablade da Megabusa. Wanda ya taɓa jin kukanta ba ya mantawa.

Amma injin an yi shi ne don abin hawa mai kilo 200 da ke kwantawa a kwana. Babur in ya kwanta, bakin mai yana nan zaune a gindin kaskonsa. Mota ba ta kwantawa, sai man ya gudu gefe guda, famfo ya shaƙi iska, cikin daƙiƙoƙi metal ya narke. Wasu injinan faranti mai tare mai ya ishe su. Hayabusa kuwa a fili da tayoyi masu kamu yawanci sai an yi mata tsarin tankin mai na daban da famfunansa, kuma kuɗin wannan kaɗai yakan sayi lafiyayyen injin mota. Kuloci da haƙoran giya suna jan ninki biyu na nauyin da aka yi su dominsa, don haka kayan canji ne, ba na dindindin ba. Babu ribas, alhali dokar tsere da gwajin hawa titi duk suna nema, sai a ƙara akwatin ribas a kan farfela ko a ɗaura mota ta lantarki, ga nauyi ga abin lalacewa. Sannan giyar babur gajera ce, sai ka nemo aksul mai dogon rabo, irin na Ford Sierra mai 3.38 ko 3.14 da kowa ke farauta. Ko da shi, a gudun babbar hanya injin na kururuwa a juyi 6,000 zuwa sama. Ƙarfin murɗawarsa ma kaɗan ne: R1 wajen Nm 108, Duratec 2.0 wajen 185. Ɗauki fasinja ka ji yadda motar ta canza hali.

Ga aji kuma. Masu shirya gasa sun daɗe da gane cewa cc 1000 na babur ba cc 1000 na mota ba ne, don haka gasanni da yawa sun ware musu ajinsu ko sun tura su sama. Gasar 750 Motor Club ta masu injin babur, wadda aka sani da RGB, ta fara ne da motocin haɗi irin na titi, amma a hankali motoci masu inji a tsakiya da rufaffen jiki suka mamaye gaba. Seven mai inji a gaba ba ta da abin yi da su a miƙe. Hukuncina: injin babur na mai tseren agogo ne, mara nauyin jiki, mai son buɗe inji da hannunsa, wanda tirela zai riƙa jawo motar. Ga tseren minti 40 ko motar da za a riƙa hawa titi da ita, injin mota.

A cikin injinan mota, wasu sai a wuce su da sauri. Ford Pinto 2.0 na zamanin Sierra yana da araha da juriya, amma nauyi da tsayi sun yi masa yawa, yana danne hancin mota; araha ba ta ado. Vauxhall XE mai jan murfi, doki 150 tun daga kamfani a ƙarshen shekarun 1980, gwarzo ne a zamaninsa, yau kayansa sun yi wuya. Rover K ba shi da nauyi ko kaɗan, Caterham ta tatsi doki 230 daga 1.8 ɗinsa a motarta R500, amma ya yi suna wajen ƙona gasket, kuma kamfanin MG Rover ya rushe tun 2005. V8, ko na Rover da Westfield ta sa a SEiGHT ko na Chevrolet da Amurkawa ke so, yana kai ka ajin da ba iyaka, kuma tayoyin baya ba sa iya sauke rabin abin da yake bayarwa. Na nishaɗi ne.

Gasar gaske tsakanin huɗu take: Zetec, Duratec, Sigma da Mazda. Zetec 2.0 bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, yana ɗaurewa kai tsaye da giyabos ɗin Type 9 na Sierra kamar yadda Crossflow da Pinto suke yi, shi ya sa ya zama magajinsu a dubban motoci. Da buɗaɗɗun maƙogwaron iska da kwamfutar inji ta daban yana kai doki 160 zuwa 170 ba a buɗe cikinsa ba. Duratec 2.0 alminiyom ne gaba ɗaya, sarƙa ke ja masa kam ba bel ba, ya fi Zetec sauƙin nauyi, kuma kansa yana shaƙar iska sosai: Caterham na samun doki 180 daga gare shi a motarta Seven 360, 210 a Seven 420. Asalinsa aikin Mazda ne, don haka bakaniken da ya taɓa buɗe Mazda 6 ko Ford Mondeo ba baƙonsa ba ne. Sai dai dogo ne, yana bukatar gajeren kaskon mai da mahaɗin giya na daban, kuma salansarsa a ɗaya gefen take fita, ba gefen Zetec ba. Wanda ya ce zai fara da Zetec ya koma Duratec daga baya, ya sa a lissafinsa sabon bututun hayaƙi, sabuwar huda a bodi da sabbin kafafun inji. In babban aji ka nufa, fara da Duratec kawai.

Sigma 1.6, wanda Ford ta yi da taimakon Yamaha, shi ne zaɓina ga ƙaramin aji. Alminiyom ne, ƙarami, Caterham ta samu doki 135 zuwa 152 daga gare shi, kuma motar da ke ɗauke da shi tana juya kwana da sauƙin da mai Duratec ba ya samu. Mazda kuwa ba ya cin kowa a ƙarfi ko nauyi, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne. Ribarsa a wani wuri take: MX-5 ɗaya tana ba ka inji, giyabos mai daɗin canji, aksul, birki, sitiyari da wayoyi, duk an yi su don juna, kuma ita ma tayoyin baya ke tura ta. Sierra an daina ta tun 1993, don haka yawancin masu ƙera kayan haɗi sun koma kan MX-5. Exocet, wadda kamfanin MEV ya fara a Ingila kuma kamfanin Exomotive ke yi a Atlanta ta Amurka, ta kai abin ƙarshe: a ɗage bodin MX-5 a jefar, a ɗora firam a kan abin da ya rage. Ta fi Seven nauyi, amma ba motar haɗin da ta fi ta saurin kammaluwa.

Maganar rajistar titi ma tana taɓa zaɓin inji. A Birtaniya motar da mutum ya haɗa sai ta ci gwajin cancantar hawa titi, IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, kuma ma'aunin hayaƙin da za a yi mata ya danganta da shekarun injin. Tsohon inji da kake da shaidar shekararsa yana samun sassauci, sabo kuwa sai da matatar hayaƙi da saiti mai kyau. In tseren da'ira kawai ka nufa, kana iya barin rajista gaba ɗaya ka sayi tirela. In ajin motocin titi na hawan tudu kake so, rajista dole ce, har da irin tayar da aka lissafa a jerin hukumar Motorsport UK. Ƙara ma abin lura ce: iyakar da aka saba a tseren da'ira desibel 105 ne, wasu filayen sun fi haka tsanani, kuma injin babur da buɗaɗɗen maƙogwaro su suka fi faɗuwa a wannan gwaji.

To wa ya kamata ya ɗauki me? Wanda bai taɓa tsere ba kuma yana son ya koyi tuƙi cikin jama'a, ya je gasar inji iri ɗaya: Academy in aljihu ya yarda, Ma7da ko Locost in bai yarda ba. Zai yi jarrabawar lasisin tsere ta ARDS, ya manna baƙin kuros a kan rawaya a bayan motarsa, alamar sabon direba, har sai ya tara sa hannu shida na tseren da ya kammala, kuma ba zai taɓa ɗora laifin rashin nasara a kan inji ba. Wanda ya fi son ginin da gasar, kuma yana son ya fita da motar ranar hutu, Sigma ko wani 1.6 a ajin ƙasa da 1700. Wanda ya riga ya mallaki mota mai 1.8 ko Zetec, kada ya canza inji, ya canza gasa: Magnificent Sevens ko Sport Specials. Wanda ke Amurka kuma burinsa tseren gamayya ne, gaskiya mai ɗaci ita ce Miata ɗin da zai yanka don ya gina motar haɗi ta fi motar haɗin samun abokan karawa, domin Spec Miata, ajin Miata zalla, na cikin ajujuwan da suka fi cika a ƙasar. Ya gina motar haɗin don tseren agogo da ranakun da ake buɗe fili don tuƙi ba gasa ba.

Kuma kowanne ka zaɓa, ka je filin tun kafin ka sayi ko noti ɗaya. Ka ƙirga motoci nawa ne suka fito a ajin da kake hari, don aji mai mota uku kofi ne ba gasa ba. Ka tambayi masu duba mota game da kejin ƙarfe, saboda sandar ado da kamfanoni da yawa ke haɗowa da kayan ba ta cika ƙa'idar tsere, kuma ƙa'idar tana son saman kejin ya ɗara kwalkwalinka da santimita 5 kana zaune a ɗaure. Dogon mutum a firam ɗin Seven na asali sau da yawa sai an sauke masa daɓen mota ko ya nemi firam mai faɗi kamar SV na Caterham, wanda ke ƙara nauyi, kuma ba kowace gasa ce ke karɓarsa ba.